Idan Faifai Ya Kasa Rubutu, Wa Ake Gaya Wa? Sharhi Kan Taƙaddamar Linux Da PostgreSQL

A ranar 14 ga Fabrairun 2019, masu kula da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai da kamfanoni da hukumomi da dama a duniya ke zuba bayanansu a ciki, sun fitar da wani gyara da ya ɗaure wa mutane kai. Daga ranar, idan manhajar ta nemi tabbacin cewa bayanai sun sauka a kan faifan ajiya aka ce mata an samu tangarɗa, ba za ta sake gwadawa ba. Za ta dakatar da kanta nan take, ta yanke duk wanda ke haɗe da ita, sannan ta sake tashi. Wanda ya ji haka zai ce, to ina gyaran yake? Manhajar da ake yabo da juriya, a ce maganin da aka samo mata shi ne ta riƙa faɗuwa da gangan?

Kafin a gane dalilin sai an sauka can ƙasa, inda mai amfani da kwamfuta ba ya leƙawa, tsakanin faifai da direban da ke sarrafa shi. Abin da ya faru a 2018 ya tono tambayar da aka daɗe ana tsallakewa: idan faifai ya kasa rubuta abin da aka ba shi, wa za a gaya wa, sau nawa za a gaya masa, kuma a hannun wa bayanan za su zauna kafin a samu mafita?

## Hannu nawa bayanai ke bi kafin su isa faifai

Idan manhaja ta ce a rubuta wani abu a fayil, saƙon ba ya zarcewa faifai kai tsaye. Yana fara shiga hannun kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kamar Linux ko Windows. A cikin kanel akwai tsarin fayil, irin su ext4, XFS da Btrfs a Linux ko NTFS a Windows, wanda ya san wane fayil ne ke zaune a wane gurbi. Ƙasa da shi akwai sashen da ke jera buƙatu bi da bi. A can ƙarshe sai direba, ƙaramar manhajar da ta iya yaren na'urar, SATA ne, SCSI ne, NVMe ne ko USB. Direba tafinta ne. Shi ke faɗa wa faifai abin da ake so, shi ne kuma farkon mai jin amsar faifan, mai daɗi ko akasin haka.

Faifai yana da nawa idan aka gwada shi da RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura. Shi ya sa Linux ba ya tsayar da manhaja ta jira. Yana kwafe bayanan cikin RAM, a shafuka masu girman kilobait 4 a yawancin kwamfutoci, ya sa musu alamar "masu datti", ma'ana suna jiran a kai su faifai, sannan ya ce wa manhajar an gama. A saitin da Linux ke zuwa da shi, shafi na iya kai sakan 30 yana jira kafin a kwashe shi.

Kamar aika kaya ne ta tashar mota. Ka miƙa wa ɗan kamasho kwalinka, ya ce jeka abinka, an karɓa. Kwalin kuwa yana nan a rumfa, motar ma ba ta cika ba. Manhajar da "an karɓa" bai gamsar da ita ba tana da umarni guda da ake kira fsync, ma'anarsa ba zan gusa ba sai ka tabbatar mini kaya sun sauka. Duk alkawarin da rumbun bayanai ke yi cewa kuɗin da aka tura ko rajistar da aka shigar ba za su ɓace ba, a kan fsync ya jingina.

Rikicin yana tasowa ne idan mota ta lalace a hanya bayan mai kaya ya koma gida. Rubutun ya gaza a bayan fage, watakila sakan 20 bayan an ce wa manhajar an gama, watakila ma ta rufe fayil ɗin ta shiga wata sabga.

## Abin da direba ke yi idan faifai ya yi gardama

Faifai na gazawa ta hanya uku, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Mafi sauƙi, faifan ya faɗi gaskiya. A yaren SCSI akwai lambobi na musamman: wata na nufin gurbin da ake nema ya lalace, wata na nufin kayan cikin na'urar ne suka samu matsala, wata na cewa ban shirya ba tukuna, wata kuma na cewa na sha wuya amma na karanto. Direba na duba lambar ya yanke hukunci. Idan abu ne mai wucewa sai ya sake gwadawa, kuma direban faifan SCSI na Linux yakan maimaita har sau biyar. Idan kuwa abin ya ƙi, sai ya miƙa labarin sama.

Lalacewar gurbi ba baƙon abu ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan faifai miliyan 1.53 da ke cikin na'urorin kamfanin NetApp ya gano cewa a cikin wata 32, kashi 3.45 cikin 100 sun samu gurbin da ya daina karantuwa. Irin wannan gurbi ba a sanin ya mutu sai ranar da aka zo karanta shi.

Hanya ta biyu, faifai ya yi gum. Bai ce ya gama ba, bai ce ya kasa ba. A nan direba ba shi da abin dubawa sai agogo. Linux na ba faifai wa'adin sakan 30, Windows kuwa an daɗe da saninsa da sakan 60. Idan wa'adi ya cika, Linux na bin mataki-mataki: ya fara soke umarnin da ya maƙale, idan bai yiwu ba ya sake tayar da faifan, sannan layin da faifan ke kai, sannan katin da ke riƙe da dukkan faifan. Idan duk wannan bai yi ba, sai ya cire faifan daga aiki. Kowane mataki ya fi na baya ɗaukar lokaci da shafar maƙwabta, domin da zarar abin ya wuce sokewa, sauran faifan da ke kan katin ma sai sun tsaya jira. Wannan ne daskarewar da mutum ke gani idan faifan kwamfutarsa ya fara tsufa.

Zaɓen wa'adin kansa yana da tarko. Faifan kwamfutar gida an ƙera shi ne da tunanin cewa shi kaɗai ke riƙe da bayanan, saboda haka idan ya ci karo da gurbi mai gardama yana iya shafe minti ɗaya ko biyu yana ta ƙoƙari. Direba kuwa haƙurinsa sakan 30 ne. Sai ya ɗauka faifan ya mutu, ya sake tayar da shi tun bai kai ga cewa "gurbi kaza ne ya lalace" ba. A tsarin RAID, inda ake haɗa faifai da yawa su riƙa ajiye kwafin juna, wannan na iya sa a kori lafiyayyen faifai saboda gurbi ɗaya tak. Da labarin ya iso kan kari, da tsarin ya ɗauko kwafi daga wani faifan ya sake rubuta gurbin, shi ke nan. Shi ya sa faifan da aka ƙera don saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ke daina ƙoƙari bayan kusan sakan bakwai ya kai rahoto, abin da kamfanin Western Digital ke kira TLER. Masu haɗa RAID da faifan gida kuma ake ba su shawarar su ɗaga wa'adin direba zuwa sakan 180.

A ɗaya gefen, kamfanin Amazon yana ba masu hayar saba a wurinsa shawarar su ɗaga wa'adin direban NVMe zuwa iyakar abin da zai yiwu, domin "faifan" nasu a haƙiƙa yana can wani wuri ta hanyar sadarwa, kuma jinkirinsa ba alamar mutuwa ba ce. Sakan 30 ɗin da ya ishi faifan saba mai TLER ya yi wa wannan kaɗan, alhali direba ba ya ganin wanne ne a gabansa.

Hanya ta uku ita ce mafi muni: faifai ya ce ya rubuta alhali bai rubuta ba, ko ya dawo da abin da ba shi aka ba shi ba. A nan direba ba shi da ta cewa, domin bai ga komai ba. Sai tsarin fayil irin ZFS ko Btrfs, masu ajiye lambar tantancewa ga kowane gutsuren bayani, ke iya kama irin wannan.

## Yadda labari ke ƙanƙancewa a hanya

Direba ya san abubuwa da yawa: wane gurbi ne, wace irin matsala ce, mai wucewa ce ko ta dindindin. Amma kafin labarin ya hau matakala ya isa ga manhaja, yawanci ya koma kalma ɗaya, EIO, lamba 5, wadda fassararta ba ta wuce "an samu matsalar shige da fice" ba. Wayar faifai da ta ɗan saki da faifan da ya ƙone duk amsarsu ɗaya.

Wani lokaci ma kalmar ɗayan ba ta isowa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka sun bi diddigin yadda lambar kuskure ke tafiya a cikin tsarin fayil na Linux 2.6 da direbobin ajiya guda uku, wato SCSI, IDE da RAID. Cikin wurare 9,022 da wani sashe ke miƙa wa wani amsa, sun samu 1,153, kusan kashi 13 cikin 100, inda ake watsar da lambar ba tare da an duba ta ba. Sun kuma lura cewa an fi yin sakaci da kuskuren rubutu fiye da na karatu. Dalilin a fili yake: mai karatu yana tsaye yana jiran amsa, mai rubutu kuwa ya riga ya tafi.

## Abin da ya faru a 2018

A ƙarshen Maris na 2018, Craig Ringer, ɗaya daga cikin masu aikin PostgreSQL, ya kai wa abokan aikinsa rahoton wani rumbun bayanai da ya gurɓace bayan tangarɗar ajiya a kan XFS. Abin da ya gano ya wuce na'ura ɗaya.

PostgreSQL tana aiki ne kamar ɗan kasuwa mai littafi biyu. Duk canjin da aka yi, tana fara shigar da shi a littafin wucin gadi da ake kira WAL, ta tabbatar ya sauka a faifai. Daga baya ake kwashe canje-canjen zuwa ainihin fayilolin bayanai. Lokaci-lokaci, duk minti biyar a saitin asali, wani sashe nata yana kiran fsync a kan fayilolin. Idan duk sun amsa lafiya, sai ta ce tsofaffin shafukan littafin wucin gadi sun gama aikinsu, a iya goge su. Idan fsync ya ce an kasa, sai ta rubuta ƙorafi ta bari sai zagaye na gaba ta sake gwadawa. A ido wannan tsari ne mai hankali.

Sai dai Linux ba haka yake kallon lamarin ba. Idan rubutu ya gaza, yana cire wa shafin alamar datti, kamar dai an rubuta shi, ya ajiye labarin gazawar don mai tambaya na gaba. Fsync na farko zai ji EIO. Na biyu zai duba ya ga babu shafi mai datti, babu sabon kuskure, sai ya ce komai lafiya. PostgreSQL ta ɗauki wannan a matsayin an sake gwadawa an yi nasara, ta goge littafin wucin gadi, wanda shi kaɗai ne sauran wurin da bayanan suke. Ɗan kamasho ya faɗa maka sau ɗaya cewa motar ta lalace. Da ka dawo washegari ka tambaya ko akwai kayanka a rumfa, ya ce babu. Gaskiya ya faɗa, amma kai abin da ka ji shi ne kaya sun isa.

Akwai kuma matsala ta biyu, ta wa ake gaya wa. Kafin Linux 4.13, alamar kuskure guda ce a kan kowane fayil, kuma duk wanda ya fara tambaya shi ke ɗauke ta, ko da wata manhaja ce daban da ba ruwanta da bayanan. A 4.13, wanda ya fito a Satumban 2017, Jeff Layton ya kawo sabon tsari mai ƙidaya, ta yadda duk wanda fayil ke buɗe a hannunsa lokacin da abin ya faru zai ji labari. Ci gaba ne, amma ya bar ɓaraka: wanda ya buɗe fayil bayan aukuwar kuskuren ba zai ji komai ba. PostgreSQL kuwa haka take aiki, wani sashe ya rubuta ya rufe, wani sashe daban ya zo daga baya ya buɗe ya kira fsync.

Masu harkar sun laƙaba wa lamarin suna fsyncgate. A taron masu ƙera manhaja na FOSDEM na Fabrairun 2019 a Brussels, Tomas Vondra ya gabatar da jawabi kan yadda aka yi PostgreSQL ta shafe shekara 20 tana amfani da fsync ba daidai ba. Wani ɓangare na amsar shi ne yanayin ajiya ya canza. A da, faifan da ke cikin saba ko dai yana aiki ko ya mutu gaba ɗaya, kuma idan ya mutu kowa ya sani. Yanzu ajiya ta koma ta hanyar sadarwa, inda hanya ke yankewa ta dawo, ko a yi wa saba alkawarin sararin da ya fi wanda ke akwai, sai an zo rubutu a tarar wuri ya cika. Gazawa mai zuwa ta wuce ita ce ainihin wadda ke faɗawa wannan rami.

## Hujjar kowane ɓangare

Mutanen PostgreSQL sun ce idan fsync ya amsa lafiya, ya kamata hakan ya nuna duk abin da aka rubuta a baya yana kan faifai, ba tare da wani sharaɗi ba. Idan kanel bai iya rubutawa ba, ya bar shafin da dattinsa, ya ci gaba da cewa an kasa har ranar da aka yi nasara. Suna da misali a hannu: FreeBSD, wata babbar manhaja irin Linux, haka yake yi tun 1999.

Mutanen Linux sun ce a duba wa ke amfani da kanel ɗin. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya nuna cewa abin da ya fi jawo kuskuren rubutu a duniya shi ne mutum ya zare filash ana tsakiyar aiki. Wannan filash ba lallai ya dawo ba. Idan aka ce a riƙe shafukansa har abada, RAM za ta cika da kayan da ba su da inda za a kai su. Tun da Linux na rage wa masu rubutu gudu idan shafuka masu datti suka yi yawa, zare filash ɗaya na iya tsayar da na'ura baki ɗaya. Sun ƙara da cewa ƙa'idar POSIX, wadda manyan manhajoji irin Linux ke bi, abin da ta ce kawai shi ne idan fsync ya gaza babu tabbacin an kammala rubutun. Ba ta faɗi abin da zai faru a kira na biyu ba. Kuma ba Linux kaɗai ba ne: binciken da mutanen PostgreSQL suka yi ya nuna NetBSD da macOS ma suna watsar da bayanan da suka kasa rubutuwa.

Shawarar masu kanel ita ce duk manhajar da ke son cikakken iko ta tsallake ma'ajiyar RAM ta kanel ta riƙa rubutu kai tsaye, ta yadda kowane rubutu zai dawo da amsarsa nan take. Amsar PostgreSQL ita ce wannan aikin shekaru ne, domin an gina ta ne a kan dogaro da ma'ajiyar kanel, kuma tana gudana a kan manyan manhajoji daban-daban.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana kare mutanensa ne, ɗaya mai saba, ɗaya mai kwamfutar cinya da filash. Inda hujjar Linux ta yi rauni shi ne ba a rubuta wannan ɗabi'a a fili inda masu manhaja za su gani ba. Inda ta PostgreSQL ta yi rauni shi ne ta ɗora amanar bayanan mutane a kan zaton da ba ta taɓa gwadawa ba. Abu ɗaya da babu wanda ya kare shi ne kuskure ya ɓace ba tare da kowa ya ji ba.

## Abin da aka gyara da abin da ya rage

Batun ɓacewar labari an ɗauke shi da sauri. Bayan taron masu ajiya da tsarin fayil na Linux da aka yi a Afrilun 2018, wanda Andres Freund na PostgreSQL ya halarta, Matthew Wilcox ya kawo gyaran da ya shiga Linux 4.17: idan babu wanda ya ji labarin kuskure tukuna, wanda ya buɗe fayil daga baya zai ji. A 5.8 na 2020 aka sa umarnin syncfs, mai tabbatar da tsarin fayil gaba ɗaya, ya riƙa kawo rahoton gazawa. A 5.16 kuma aka buɗe hanyar da manhajar sa ido za ta samu sanarwa idan tsarin fayil ya samu matsala.

Batun cire alamar datti kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa PostgreSQL ta zaɓi faɗuwa. Idan ta tsaya nan take, littafin wucin gadi yana nan ba a goge ba. Da ta tashi sai ta bi shi daga wurin tabbaci na ƙarshe ta sake rubuta komai. An sa gyaran a 11.2, 10.7 da sauran tsofaffin zubi har zuwa 9.4, tare da wani saiti mai suna data_sync_retry ga wanda ya tabbata babbar manhajarsa na riƙe shafukan. Wasu manhajojin rumbun bayanai, wato InnoDB na MySQL da WiredTiger na MongoDB, ma sun bi wannan hanya.

Faɗuwar ma ba ta rufe kowace ƙofa ba. A 2020 wata tawaga daga Wisconsin ta gwada ext4, XFS da Btrfs tare da manhajojin ajiye bayanai biyar: PostgreSQL, SQLite, Redis, LMDB da LevelDB. Dukkan tsarin fayil ukun suna cire alamar datti bayan gazawa, amma sun bambanta a abin da ke biyo baya. A ext4 da XFS sabon bayanin na zama a RAM, saboda haka mai karantawa zai ga kamar komai daidai ne har sai an sake kunna na'ura ko an buƙaci wurin. Btrfs kuwa yana komawa ga tsohon abin da ke faifai. Babu ko ɗaya cikin manhajojin biyar da ta tsallake dukkan gwaje-gwajen lafiya.

Tsarin fayil ma kowanne da halinsa idan matsalar ta taɓa bayanan tsarinsa. Ana iya saita ext4 ya ci gaba, ko ya koma karatu kawai, ko ya tsayar da na'ura. XFS yakan rufe kansa. ZFS, a saitin asali, yana tsayawa ya jira faifai ya dawo, komai daɗewa.

## Inda abin ya shafi mai waya da mai filash

Wayar Android kanel ɗin Linux ne a cikinta, kuma manhajoji da yawa, har da WhatsApp, a SQLite suke ajiye saƙonni. Wannan sarƙar ta manhaja, kanel, direba da ma'ajiya tana aljihun duk mai irin wayar. Idan memori ya wayi gari ya ƙi karɓar sabon fayil amma ana iya buɗe tsofaffi, sau da yawa ko dai kanel ne ya mayar da shi karatu kawai don kada ɓarna ta ƙaru, ko katin ne ya kulle kansa da ya ji ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya dace a fara yi shi ne kwashe abin da ke ciki. Fomatin yana goge ragowar da aka yi ƙoƙarin karewa.

Hujjar Ts'o game da filash ta samu goyon baya daga inda ba a zata ba. Tun daga Windows 10 zubi na 1809, Microsoft ya mayar da saitin asali na faifan waje zuwa wanda ba ya tara rubutu a RAM. Kwafi ya ɗan rage sauri, amma an rage tazarar da ke tsakanin "an gama" da gamawar gaske. Duk da haka, faifai da kansa yana da 'yar ƙwaƙwalwar da yake tara rubutu, kuma inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, abin da ke cikinta na iya tafiya. Wannan ne amfanin danna "cire lafiya" kafin a zare, da amfanin batirin UPS ga mai shagon kwamfuta.

Alamun gargaɗi suna nan ga mai dubawa. A kundin abubuwan da suka faru na Windows, lamba 153 na nufin an maimaita wani umarni, 129 na nufin an sake tayar da na'urar ajiya, 7 kuma gurbi ne ya lalace. Binciken Google na 2007 kan faifai sama da 100,000 ya nuna faifan da aka fara kama shi da gurbi marar kyau ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma binciken ya kuma nuna kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a ma'aunin lafiyarsu na SMART ba.

Sai jabun filash da memori, waɗanda kasuwannin waya ba su rasa su. Ana sauya musu lissafi su ce, misali, gigabait 64 ne alhali 8 ne a ciki. Idan wuri ya cika sai su riƙa rubutu a kan tsofaffin bayanai ko su zubar da sababbi, suna amsa wa direba cewa an rubuta. Wannan ita ce hanya ta uku da aka ambata, wadda direba ba ya gani. Manhajoji irin H2testw da F3 na kama su ta hanyar cika katin baki ɗaya sannan su karanto.

A nan ne binciken 2020 ya shafi kowa. Wanda ya kwafi hotunan biki ko takardun makaranta zuwa filash, ya buɗe su nan take ya ga suna buɗuwa, mai yiwuwa kwafin da ke RAM yake kallo, filash ɗin ba a taɓa shi ba. Gwajin da ke nuna abin da ya sauka shi ne a cire filash ɗin ta hanyar da ta dace, a sake sa shi, ko a kai shi wata kwamfutar, a buɗe fayilolin daga can kafin a goge na asali.